Mutumin Da Ya Tsai Da Jirgin Ƙasa

Ran nan, ana gobe 1 ga watan Mayu, muka gaya wa yaranmu na aji shida a Yako cewa gobe babu makaranta. Kafin mu rufe baki aji ya kaure da murna, har da masu buga tebur. Da ƙura ta lafa, sai wani ɗan yaro da ke zaune can baya, wanda bai cika magana ba, ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, ba salla ba ce, ba kuwa wani babba ya rasu ba. Hutun mene ne?" Muka ce masa hutun ma'aikata ne. Ya yi shiru kaɗan, sa'an nan ya ce, "To, Malam, babana gobe da asuba zai tafi sharar gona. Shi ba ma'aikaci ba ne?" Yara suka fashe da dariya. Mu kuwa ba mu yi dariya ba, gama tambayar ta fi ƙarfin amsar da ke bakinmu a sa'an nan. Muka yi masa alkawari in an komo za mu ba su labarin wani mutum, wanda in ba a san shi ba, ba a san asalin hutun nan a ƙasarmu ba. Labarin nan ne muka ga ya kamata mu rubuta a shafin nan, don sauran 'yan makaranta su ma su ji.

Sai mu fara da abin da kowa ya sani. Duk wanda ya tashi a ƙasarmu ta Kiru ya san dogo, hanyar jirgin nan da ta taso daga Zariya, ta ratso ta Dangora, ta bi ta Madobi da Chalawa ta shiga Kano. Yau yara na kora awaki su tsallake ta, ba su ko dube ta ba. Amma a shekarar 1911, sa'ad da ƙarfen nan ya isa Kano, ba abin da ya fi shi zama abin mamaki a ƙasar Hausa. Ba kuwa da kansa ya shimfiɗu ba. Mutane aka tara daga ƙauyuka ta hannun hakimai da dagatai, da yawansu ba da son ransu ba, suka yi ta haƙa da diga suna jidar ƙasa a kwando bisa kai. Da hanya ta buɗe, gyaɗar Kano ta sami ƙafar zuwa teku, fatake suka zama dillalan kamfani, dalar gyaɗa ta tashi a Kano har aka riƙa buga hotonta a littattafai. A makaranta mun koya muku sunan Gwamna Lugga, mun koya muku sunan Alhasan Ɗantata. Amma wa ya taɓa koya muku sunan ko mutum ɗaya daga cikin masu zuba kwal a wutar injin, ko masu bin dogo da guduma cikin rana suna ɗaure ƙusa? Mu ma da muka yi kwalejin horon malamai, layi biyu ko uku muka tarar a kansu cikin littafin tarihi, muka haddace don jarrabawa, muka wuce.

Mutumin da muke nufi sunansa Michael Imoudu. Ba Bahaushe ba ne, mutumin ƙasar Ora ne, cikin Jihar Edo ta yanzu, an haife shi a 1902. Bai yi karatu mai zurfi ba. Ya gangara Ikko neman abinci kamar yadda samarinmu ke tafiya cin rani, ya taɓa aikin waya, sa'an nan a 1929 ya shiga reluwe a matsayin lebura. Daga nan ya koyi sassaƙar ƙarfe da inji a babbar ma'aikatar gyaran jirage ta Ebute Meta. Ku lura da wannan, ya ku masu ƙyamar a ga baƙin mai a hannunku: mutumin da daga baya Gwamna da kansa ya rasa yadda zai yi da shi, da rigar aiki mai maiƙo ya fara.

A zamanin nan ma'aikatan gwamnati hawa hawa ne. Bature yana sama, da albashinsa da gidansa da kuɗin hutunsa na zuwa Ingila. Akawu baƙar fata yana biye, da farar riga da alƙalami a aljihu. Can ƙasa kuma ga masu aikin hannu, waɗanda ake lissafa musu lada da yini, in an ga dama a sallame su ba ko sannu. Akawu yana raina mai guduma, mai guduma yana jin haushin akawu, Bature kuwa ya sami yadda yake so. A 1938 gwamnati ta yi dokar da ta yarda ma'aikata su kafa ƙungiya su yi mata rajista. Ƙungiyar ma'aikatan reluwe ita ta fara karɓar takardar rajista a 1940, Imoudu ne kuwa shugabanta.

Ba a daɗe ba aka gwada shi. A 1941 manyan reluwe suka kawo tsarin biyan lada da awa, wanda ma'aikata suka lissafa suka ga ragi ne aka yi musu a fakaice. Imoudu ya shige gaba, dubban ma'aikata suka bi shi a ƙasa tun daga Ebute Meta, suka haye gada har ƙofar gidan Gwamna Bourdillon. Ba su jefi kowa ba, ba su fasa kome ba, tsayawa kurum suka yi suka faɗi kukansu. Gwamna ya saurare su, aka gyara. Tun daga ran nan leburori suka gane abin da Hausawa suka daɗe da faɗi, cewa tsintsiya ɗaure take shara.

To, lokacin kuwa ana tsakiyar yaƙin Hitila. Kaya sun yi wuya, gishiri da kananzir da tufafi sun yi tsada, kuɗin da ke ciyad da gida wata guda ya koma ba ya kai rabin wata. Ma'aikata suka matsa a ba su ƙarin kuɗi saboda tsadar zama, abin da suka riƙa kira kola. A 1942 aka ba su wani abu. Amma gwamnati ta riga ta sa wa Imoudu ido. A farkon 1943 aka kore shi daga aiki, aka kama shi da dokar yaƙi wadda ta ba Gwamna ikon tsare mutum ba tare da an kai shi gaban alƙali ba. Aka kai shi Binin, daga baya aka mai da shi Auci, ya shekara biyu da 'yan watanni a tsare. Ku tsaya ku auna wannan. Mutum ne mai iyali, ba gona, ba kanti, abin da ya dogara da shi albashin nan ne kaɗai, ga shi an raba shi da shi. Da ya rubuta takardar tuba ya yi alkawarin kama bakinsa, mai yiwuwa da ya kwana a gidansa tun da wuri. Bai rubuta ba.

Da yaƙin Turai ya ƙare a watan Mayu na 1945 aka sake shi. Ran 2 ga Yuni ya sauka Ikko, jama'a suka yi dafifi suka tarye shi, aka zaga da shi gari bisa doki sai ka ce sarki ya komo daga yaƙi. Ya kuwa tarad da magana ta riga ta nuna. Tun watan Maris ƙungiyoyin ma'aikatan hannu na gwamnati suka kai buƙatunsu: kada ladan lebura ya gaza sule biyu da sisi a yini, a kuma ƙara rabin kuɗin kola bisa abin da ake ba su. Gwamnatin Sir Arthur Richards ta ce a'a. Hujjarta ita ce, kaya ne suka yi ƙaranci, in an ƙara kuɗi a hannun mutane sai farashi ya ƙara hawa. Ba za mu ce hujjar nan wofi ce ɗungum ba, masana tattalin arziki har gobe suna faɗin irinta. Sai dai ma'aikata sun ga ana ƙara wa Turawa nasu alawus a lokacin nan guda, suka ce ashe kuɗi a aljihun Bature ba ya tsadar da kaya, sai a aljihun baƙar fata?

Aka ba gwamnati wa'adi. Da wa'adi ya kusa cika, sai waɗansu shugabannin suka ji tsoro, suka nemi a ɗaga da mako biyu, don an tuna musu dokar da ta hana yajin aiki tana nan ba a soke ta ba. Imoudu, wanda bai fi mako uku da komowa Ikko ba, ya ƙi. Ma'aikata suka bi bayansa suka bar masu jan ƙafa. Tsakar daren 21 ga Yuni, wayewar 22, aka busa usur a Ikko, jirage suka tsaya.

Abin da aka zaci zai yi kwana uku ya yi kwana 44 a Ikko, a waɗansu garuruwa ma ya zarce haka. Mutum fiye da 30,000 suka ajiye aiki: na reluwe, na tashar jiragen ruwa, na gidan waya, na ɗab'i, na aikin hanya da gine-gine. Ku kwatanta a ranku yadda abin ya kasance a nan wajenmu. Damina ta kankama, tasha shiru, ba kukan jirgi da safe, ba na dare. Wasiƙa ba ta zuwa, waya ba ta tafiya. Mai tallar abinci a bakin tasha ta rasa masu saye, ɗan kasuwar da ya sa rai da kaya daga Ikko ya zauna yana ƙirga kwanaki. A manyan tashoshi irin su Zariya da Kano, inda ma'aikatan reluwe suka taru daga kowace kusurwa ta Nijeriya, Bayarabe da Ibo da Banufe da Bahaushe suka ga cikinsu iri ɗaya ne, yunwarsu ma iri ɗaya. Wannan kuwa shekara 15 ke nan kafin a sami mulkin kai, tun ba a saba jin mutumin Kano da na Fatakwal sun haɗa baki a kan magana guda ba.

Yaya aka yi suka jure mako shida babu albashi? A nan ne labarin ya fi yi mana daɗi. Matan kasuwar Ikko suka riƙa ba su abinci bashi ko da rangwame, suna tara musu gudummawa. Masu gidajen haya da yawa suka ɗaga musu ƙafa. Jaridun Dokta Azikiwe biyu, West African Pilot da Daily Comet, suka tsaya musu, har gwamnati ta hana buga su a watan Yuli. Aka yi barazanar kora, aka kama waɗansu shugabanni, duk a banza. A farkon Agusta aka koma aiki bisa alkawarin ba za a hukunta kowa ba, za a kuma naɗa mai bincike. Aka aiko Tudor Davies daga Ingila, ya bincika, a 1946 ya ba da shawara a ƙara rabin kuɗin kolan nan da ma'aikata suka nema tun farko. Abin da aka ce ba shi yiwuwa sai ga shi ya yiwu.

A shekarar nan ta 1946 Imoudu ya zo Kano, cikin ayarin jam'iyyar NCNC da ke zaga ƙasa don nuna ƙin tsarin mulkin da Gwamna Richards ya kawo. A Kano ne tsohon nan Herbert Macaulay, shugaban ayarin, ya kwanta ciwo, aka mai da shi Ikko ya rasu ran 7 ga Mayu. Bayan shekara biyu, a 1948, wani matashin malamin makaranta mai suna Aminu Kano ya tsaya aka kafa ƙungiyar malaman makaranta ta Arewa. Ba mu ce wancan ne ya haifi wannan ba, amma iska guda ce ke kaɗawa a lokacin.

Kada ku ɗauka muna so mu mai da Imoudu waliyyi. Mutum ne mai taurin kai, taurin kan nan kuwa da ya yi masa rana a gaban Gwamna, shi ya riƙa yi masa dare a tsakanin 'yan'uwansa. Bayan 1945 ƙungiyoyin ƙwadago suka yi ta rabuwa suna haɗuwa suna sāke rabuwa, waɗansu sun karkata wajen Rasha, waɗansu wajen Amurka da Ingila, kowane ɓangare yana zargin ɗaya da cin kuɗin waje. Imoudu yana tsakiyar rigingimun nan, ba za a wanke shi daga cikinsu ba. Sai in wuya ta kai wuya suke tunawa da juna, kamar a 1949 da 'yan sanda suka harbe mahaƙan kwal 21 a Inugu, ko a watan Yunin 1964 da suka haɗu suka yi wa gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa yajin aiki na kusan mako biyu a kan rahoton albashi na Morgan. A nan ma yana gaba, yana da shekara 61, wannan karon kuwa masu mulkin ba Turawa ba ne. A 1977 gwamnatin soja ta Obasanjo ta hana shi, shi da waɗansu shugabanni, sāke riƙe muƙami a ƙungiyar ƙwadago. Da aka kafa NLC a 1978, ba shi a ciki.

Ga inda labarinsa ya komo gida. Da aka buɗe fagen siyasa a 1978, tsohon nan bai bi jam'iyyar masu kuɗi ba, sai ya bi Malam Aminu Kano cikin PRP, ya zama mataimakinsa. Jam'iyyar ta ci Kano da Kaduna a 1979. Ba a jima ba ta tsage biyu, abin da iyayenku ke kira santsi da taɓo. Malam Aminu yana gefe guda, gwamnoni biyu, Abubakar Rimi da Balarabe Musa, suna ɗaya gefen, Imoudu ne kuwa suka ɗauka shugaban nasu ɓangaren. Har yau in aka ta da zancen nan a majalisar dattawa a garinmu, sai murya ta hau, don haka ba za mu raba gardama ba. Mu dai mun ga abin baƙin ciki ne mutum biyu da suka ƙare ƙuruciyarsu wajen kare talaka su tsufa suna hannun riga. Amma gwamnatin Rimin nan ce a 1980 ta fara mai da 1 ga Mayu ranar hutu a Jihar Kano, gwamnatin tarayya ta Shehu Shagari ta bi sawu a 1981. Asalin ranar daga Amurka ne, inda ma'aikatan Chicago suka tashi a 1886 suna neman a tsai da aikin yini a kan awa 8. Ta daɗe tana zaga duniya kafin ta iso mu, ta ƙofar Kano kuma ta shigo.

Mu kanmu mun ɗanɗani abin da ake nufi da yajin aiki, ba a littafi ba. A wata makaranta da muka taɓa koyarwa, ba a garin nan ba, albashi ya maƙale wata uku. Mai shago ya rufe littafin bashi, uwargida ta daina tambaya, wanda ya fi tambayar ciwo. Aka ce a ajiye alli. Muka ajiye. Amma jarrabawar 'yan aji shida saura mako biyar, kullum da safe kuwa sai mun hangi waɗansu yara sun zo sun zauna a gindin darbejiya da littattafansu, ko Allah ya sa malam ya canza ra'ayi. Wanda ya riƙe mana kuɗi 'ya'yansa ba sa cikinsu. Imoudu da ya tsai da jirgi, aljihun gwamnati da na kamfani ya taɓa. Mu da muka tsai da alli, wa muka taɓa? Waɗansunmu suka riƙa zagayawa da yamma suna koya wa yaran a zaure, a ɓoye, kamar masu aikata laifi. An biya mu daga baya, da ba mu ajiye allin ba kuwa Allah kaɗai ya san ranar biya. Duk da haka, cikin yaran nan akwai waɗanda ba su ci jarrabawar ba, muna kuma haɗuwa da su a kasuwa, su gaishe mu da ladabi.

Saura tambayar yaron nan, wadda muka yi ta kewaye. Amsa ta gaskiya ita ce, mahaifinsa ma'aikaci ne, ya ma fi da yawa daga masu hutun aiki. Amma ribar 1945 ba ta iso gonarsa ba. A shekarun da lebura ya sami ƙarin kola, manomin gyaɗa yana sayar da amfaninsa a farashin da hukuma ta yanka, tun daga hukumar lokacin yaƙi har zuwa hukumar cinikin gyaɗa da aka kafa a 1949, wadda ke saye da araha ta sayar a Turai da tsada ta ajiye rarar. Ma'aikatan reluwe suna taruwa a rumfa guda kowace safiya, usur guda ke kiransu, saboda haka haɗa kansu bai yi wuya ba. Manoma kuwa suna warwatse a dubban ƙauyuka, in ma sun ce za su yi yaji, damina ba ta jiran kowa. Mafi ƙarancin albashi ya tashi daga naira 125 a 1981 ya kai naira 70,000 a 2024, kowane hawa kuwa sai da aka yi ja-in-ja irin wadda Imoudu ya koyar. Manomi ba shi da mafi ƙarancin kome. Ba mu ga laifin Imoudu a nan ba, ya yi yaƙin da ke gabansa da makamin da ke hannunsa. Amma ba za mu gaya wa ɗan manomi cewa an gama yaƙin ba.

Imoudu ya yi tsawon rai, ya ga an sa sunansa a makarantar nazarin harkokin ƙwadago da ke Ilori. Bai tara dukiya ba. Ya rasu ran 22 ga Yuni 2005 yana da shekara 102, ranar da yajin aikin nan ya cika shekara 60 cif. Muna 'yan makaranta a lokacin, ba mu kuwa tuna wani ya ambata mana ba.

Da aka komo daga hutu muka cika alkawari. Bayan an tashi muka ɗebi 'yan aji shida muka taka har bakin dogo, muka zauna a inuwa muka ba su labarin nan kamar yadda muka ba ku. Muka sa su ƙirga ƙusoshin da ke tsakanin taku ashirin, sa'an nan su yi lissafin na mil guda, su tuna kowace ƙusa hannun mutum ne ya ɗaura ta. Waɗansu suka kama lissafi a ƙasa da tsinke, waɗansu suka ɗora kunne bisa ƙarfe ko za su ji motsin jirgi. Yaron nan mai tambaya bai yi ko ɗaya ba. Ya zauna yana duban gonakin da ke hayin dogo, inda aka tara karmami ana ƙonawa. Can ya juyo ya ce, "Malam, in na gaya wa babana labarin nan, zai ce wa zai tsaya wa manoma?" Muka ce ya je ya gaya masa tukuna, gobe ya kawo mana abin da ya ce.